Motar Da Ba Ta San Hanyarmu Ba

A daminar bara, ranar wata Alhamis bayan la'asar, motata ta mace mini a Katabu, daidai inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya. Tun azahar ake sheƙa ruwa. Na ratsa wani kududdufi da ko ƙwaurin yaro bai kai ba, sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, motar ta yi tari biyu, ta ɗauke wuta. Wasu samari suka taya ni turi har gindin wata darbejiya, inda wani dattijon makanike ya kafa rumfa a tsakanin tireloli da tankokin da suka mai da bakin titin Mararraban Jos masaukinsu.

Dattijon ya ɗaga bonet, ya tsaya yana kallo. Babu abin da ke gabansa sai faffaɗan murfin baƙar roba da ya lulluɓe injin ruf. Ya mayar ya rufe a hankali, kamar wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba.

"Malam, wannan ba tawa ba ce. Sai dai a kira yaron nan mai kwamfuta daga Kawo."

"Haba Baba! Kai da aka ce ka fi shekara arba'in kana kwana a ƙarƙashin mota?"

Ya yi murmushi, ya nuna mini da sifana wata tsohuwar Fijo a-kori-kura da ke ƙetare hanya, an danne ta da buhunan masara har bayanta na neman shafar kwalta. "Waccan, ko daga nan ta yi tari na san abin da ke damunta. Taka kuwa bebiya ce. Ba ta faɗa wa kowa ciwonta sai na'ura."

Mai kwamfuta ya zo washegari a kan babur, ya soka wata waya a ƙarƙashin sitiyari, ya duba allonsa ya ce sensa ce ta sha ruwa. Abu ne da bai fi babban yatsa ba. Aka karaɗe Kaduna ba a samu daidai ita ba. Aka aika Legas, wadda ta fara zuwa jabu ce, sai ta biyun ta yi. Kwana tara motar na gindin darbejiya, awaki na fakewa a ƙarƙashinta. A cikin kwana taran nan, a-kori-kurar ta wuce ta gabana ban san iyaka ba, tana hayaƙi, tana ƙara, tana kai kaya.

Tun daga lokacin nake juya maganar da ake yi a kowace majalisa da kowace tasha, wai motocin yanzu kwalin ashana ne, ba ƙarko, ba kyan gani. Da gaskiya a ciki, amma ina ganin mun saki reshe mun kama ganye. Ingancin mota ba a jikinta kaɗai yake ba. Yana tsakaninta da hanyar da za ta taka, da man da za ta sha, da hannun da zai tashe ta in ta kwanta. Wanda ya zana motar da muke hawa yau bai taɓa kawo Katabu a ransa ba. An dai yi zamanin da ake tunawa da mu, kuma a Kadunan nan tamu aka yi shi.

A ƙarshen 1972 aka kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Faransa, kuma a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar ta fara aiki a Kakuri, ƙetaren kogi. A lokacin jiragen siminti sun cushe tashar ruwa ta Legas, don haka ta sama aka riƙa kwaso sassan motocin daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a gangaro da su Kaduna a harhaɗa. Ba Kaduna kaɗai ta samu ba. Volkswagen na Legas, Leyland na Ibadan, Mercedes na Inugu, Steyr na Bauchi, manyan motocin Fiat na Kano. Amma babu wadda ta shiga jinin talaka da mai mulki kamar Fijo 504. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai. Direbobin haya suka ɗauki mai dogon baya, kujera layi uku, suna safa da marwa da ita tsakanin Kaduna da Kano, Jos, Sakkwato da Maiduguri. Manoma da 'yan kasuwa suka riƙe a-kori-kura.

An fito da 504 a Faransa a 1968, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara surarta, shi ya sa ko da magariba ka hango fitilun nan masu kusurwa da bayan nan da ya ɗan rusuna, ka san ita ce. Amma ba don kyau muka so ta ba. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na da wurin lotsawa da miƙewa, ta faɗa rami ta fito ba ta kaɗa maka hanji ba. Da wannan hali ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Injinta mai kabureta ne, a fili yake kamar tafin hannu. Da sifana uku ko huɗu, sukudireba da filaya, an gama da shi. Bel ɗin fanka ya tsinke a daji, a ɗaura igiya a lallaɓa zuwa gari. Tanki ya huje, a liƙe da sabulu. Kawuna ya yi shekara goma sha takwas yana haya da guda ɗaya, sau uku ana sauke injin a yi masa garambawul, kuma bai taɓa jiran kayan gyara ya wuce kwana ɗaya ba, domin abin da ba a samu a shago ba, maƙeran Panteka za su ƙera shi kafin la'asar. Turai ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983. Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006.

Sai dai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kewa kuma takan rufe wa mutum ido. Mun manta da safiyar hunturu da ake tara yaran unguwa su tura mota. Mun manta da tsayuwa a Jaji ana jiran inji ya huce, yaron mota na yawon neman ruwa da galan. Mun manta cewa duk bayan 'yan watanni sai an canza fulogi, an goge kwantak, an saita kabureta. Injin zamani, in ya samu fetur mai tsabta da baƙin mai a kan kari, yakan yi tafiyar da tsohuwar Fijo sai an sauke ta kafin ta yi, kuma bai sha man da ta sha ba. A Amurka matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya haura 12, abin da ba a saba gani ba a da. Da ba su da ƙarko sam, da ba su kai nan ba.

Sai batun ƙarfe. Mutanenmu kan bugi ƙofar mota da tafin hannu su taɓe baki su ce, "Ji gwangwani." Alhali da gangan aka yi gaban motar zamani ya lotse. Wani injiniyan kamfanin Mercedes, Béla Barényi, shi ya kawo dabarar tun farkon shekarun 1950: a bar gaba da baya su murƙushe su shanye ƙarfin karo, a ƙarfafa ɗakin da mutane ke zaune. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu kuma Volvo ta fito da shi a 1959. Tsohuwar mota takan fita daga haɗari da ɗan lotsawa a bamba, mai bugun bodi ya miƙar da ita cikin mako guda, amma ƙarfin da ƙarfen ya ƙi sha, ƙirjin direba ne ya sha shi a kan sitiyari. Duk wanda ya girma a bakin titin nan ya san gawa nawa aka ciro daga motocin da muke yabo. A wannan fage ba na roƙon a dawo mana da jiya. Mota ta mutu mai ita ya tashi, ai an ci riba.

Batun muni kuwa, ina tare da 'yan majalisa. Ka tsaya a Mararraba da yamma ka ƙirga abin da ke wucewa. Fara, baƙa, ruwan toka, sai kuma fara. Kowace ta kumbura kamar an hura ta, tagogi sun tsuke, fitilu sun koma tsaga kamar hararar kishiya, baki kuwa ya wage tun daga bonet har ƙasa kamar kada ya hango akuya. In aka ɓamɓare tambari, ko dillalin mota sai ya yi canki-canka. Sunayen da muke raɗa musu ma sun ba da labari. Jiya a-kori-kura, sunan aiki. Yau Anakonda, sunan maciji.

Wannan kamanni ba haka kawai ya zo ba. Akwai iska: kowane kamfani na son motarsa ta tsaga iska da ɗan mai kaɗan, kuma amsar da kwamfuta ta ba wannan ita za ta ba wancan, sai duk suka fito kamar ƙwan kaza ɗaya. Akwai doka: tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta a tsara gaban mota yadda in ta buge mai tafiya a ƙasa raunin zai zo da sauƙi, sai bonet ya ɗaga, gaba ya yi kauri, ginshiƙan da ke riƙe rufi su ma suka ƙara faɗi don kada ya rufta in mota ta wuntsila. Akwai kuma haɗewar kamfanoni. A 2021 uwar gidan Peugeot da Citroën da Opel ta haɗe da ta Fiat da Chrysler suka zama Stellantis, tambari 14 a inuwa ɗaya. Ƙashi ɗaya, inji ɗaya, riga kawai ake canzawa. To in ƙashi ɗaya ne, iska da doka kuma sun riga sun yanke sura, me ya rage wa mai zane da zai bambanta kayansa? Sai kwalliyar fuska. A nan aka samo wagegen bakin da rabinsa toshe yake da roba, ko iska ba ta ratsa shi, da bututun salansa na ƙarya, da zane barkatai a jikin ƙofa. Ado ne irin na wadda ba ta yarda da kyanta ba.

Da a ido munin ya tsaya, da da sauƙi. Har aljihu yake shiga. Siririyar taya kamar awarwaro a kan ƙaton rim tana da kyau a hoton talla, amma ramin farko tsakanin Katabu da Pambeguwa zai yi mata ƙulu ya lanƙwasa rim ɗin. Fitilar Fijo in ta mutu ƙwai ake canzawa; ta yanzu a dunƙule take, in ta tsage sai a sayi sabuwa gaba ɗaya. Bamba a da ita ke kare mota, yau ita ce abin karewa, tunda an cika ta da sensa da kyamara. Maɓallan da direba ke lalubawa idonsa na kan hanya an kwashe su an zuba cikin allon taɓawa, saboda allo ɗaya ya fi tarin maɓallai arha a wurin mai ƙira. Abin ya kai har hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ta sanar cewa daga 2026 motar da ke neman cikakken maki sai ta bar maɓalli na zahiri ga irin su sigina, hon da abin share gilashi.

Kyakkyawa ko mummuna, ba don mu aka yi ta ba. An tsara ta ne don mutumin Jamus ko Amurka ko Sin, wanda zai hau ta 'yan shekaru a kan shimfiɗaɗɗen titi, garejin kamfani na duba ta, sannan ya sauya wata. Mu sai ta manyanta take iso mu, ta Kwatano ko ta Legas, mu sa mata suna Beljiyam mu yi walima. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Wata ta yi haɗari an yi mata kwaskwarima, wata ambaliya ta taɓa shanye ta, wata an ja mata lissafin tafiya baya. Daidai lokacin da robobinta suka fara bushewa, wayoyinta suka fara tsattsagewa, shi ne za mu tsunduma ta cikin zafin bazara da ƙurar hunturu.

Sannan mu ba ta abin sha. Injin da aka yi don man Turai, wanda farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, shekara da shekaru muna ɗura masa wanda ya ninka haka ninkin ba ninkin; wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta tona asirin wannan ciniki a 2016. A Fabrairun 2022 kuma aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, injuna suka lalace, layin mai ya dawo. Mota daga Beljiyam, gurɓataccen mai daga Beljiyam, asara a Katabu. Kabureta takan haɗiye ƙazamin mai ta yi gyatsa ta wuce. Injekta da sensa ba su da wannan haƙurin.

Ko sabuwa dal aka kawo mana, ba lallai ta zama irin tasu ba. A 2020 ƙungiyar Global NCAP ta gwara wata sabuwar a-kori-kurar Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu a lokacin da wata Navara ta hannu da aka yi wa kasuwar Turai a 2015. Sabuwar ce ta rufta a kan mutum-mutumin da ke mazaunin direba, tsohuwar ta kare nata. Ashe tun daga masana'anta ake raba tuwon: na 'ya'yan gida daban, na agola daban.

Ƙananan jiragen sama sun bi wata hanya dabam, kuma labarinsu ba na nesa ba ne, tunda Katabu na tsakanin makarantun tuƙi biyu: ta sojojin sama a Kaduna, da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964. A mota sura ta yi ta canzawa har ta ɓaci. A ƙaramin jirgi ta kafe wuri ɗaya. Cessna 172, wanda ya fi kowane jirgi yawa a tarihi, sama da 44,000, an fara sayar da shi a 1956 a kan kuɗin da bai kai dala 9,000 ba. Wanda ake ƙerawa yau, in aka jera shi da na shekarun 1970, sai ka leƙa ciki kafin ka bambanta su: fiffike a sama, taya uku, inji mai silinda huɗu da iska ke sanyayawa. Farashi kuwa ya haura dala 400,000. Shari'a da takarda suka jawo. Yawan ƙarar neman diyya a kotunan Amurka ya sa kamfanin ya daina ƙera shi a 1986, bai dawo ba sai bayan dokar 1994 da ta ƙayyade shekarun da za a iya maka mai ƙira a kotu. Kowane sabon sashe sai ya bi dogon gwaji mai cin kuɗi, masu saye kuma ba yawa, sai kowa ya maƙale wa tsohon zane.

Inda aka ga sauyi shi ne irin jiragen Diamond na Ostiriya, waɗanda Zariya ta sayo su gaji tsofaffin Tampico na Faransa. Jikinsu ba alminiyam ba ne, zare ne da ƙaro aka daskarar. Injinsu asalinsa na motar Mercedes ne, kwamfuta ke sarrafa shi. Tsohon matuƙi na iya yi musu irin kallon da Baba ya yi wa motata. Amma a duba hikimar zaɓin. Tsofaffin wani fetur na musamman suke sha, mai tsada da wuyar samu a ƙasar nan. Sababbin kananzir ɗin jirgi suke sha, irin wanda manyan jirage ke sha kullum. An duba abin da ke ƙasa kafin a sayi abin da zai tashi sama. Mu nawa ne muka taɓa yin wannan lissafi a gaban dillalin mota?

Jirgin da ya shekara hamsin yana tashi lafiya, fatarsa ba ta fi ta Fijo kauri ba. Littafi ne ke riƙe da shi. Duk awar da ya yi a sama a rubuce take. Jirgin horo duk awa 100 sai an buɗe shi an duba. Inji in ya cika awoyinsa, galibi wajen 2,000, sai a sauke shi ko da lafiyarsa lau. Ba mai ɗaura masa noti sai mai lasisi, kuma sai ya rattaba hannu. Mu fa? Fitilar gargaɗi ta kama, mu liƙe ta da baƙin salatif mu huta da ganinta. A cire matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, a kai kasuwa. A zuba ruwan rijiya a lagireto, a sayi baƙin mai na galan a bakin hanya don ya fi arha. Ni kaina sai da mai kwamfuta ya tambaye ni yaushe rabona da canza matatar iska na gane ban taɓa canzawa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mun ma taɓa yin namu jirgin. Wajen ƙarshen shekarun 1980 kamfanin AIEP da ke tsohon filin jirgin Kaduna ya ɗauko zanen wani ƙaramin jirgin Amurka mai kujera biyu, RV-6A, ya gyara shi don horar da sojojin sama, har yana iya shan fetur irin na mota, aka raɗa masa suna Air Beetle. Guda 60 aka harhaɗa. Tunani ɗaya ne da na Kakuri: a ɗauko zane mai kyau, a tanƙwara shi ya dace da gida, a koya wa 'ya'yan gida. Sannu a hankali aka jingine su, ba a yi musu ƙanne ba. A 2016 muka ƙulla cinikin Super Mushshak guda 10 daga Pakistan. Shi wannan jirgi asalinsa zanen kamfanin Saab ne na Suwidin, kuma Pakistan da harhaɗawa ta fara, a tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da Kakuri ta fara harhaɗa Fijo. Su suka riƙe, suka koyi ƙera sassan, suka ƙara masa ƙarfin inji, har ranar da muka je musu da kuɗi a hannu. Mu muka saki. Kakurin ma haka ta ƙare: naira ta faɗi bayan 1986, Beljiyam ta yi ambaliya, gwamnatin da ta kafa masana'antar ta koma sayen na waje, aka sayar da hannun jarinta a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012.

Yanzu an sake ɗaura ɗamara. Kamfanin Dangote da gwamnatocin Kaduna da Kebbi sun haɗa hannu da Peugeot, sun kafa sabuwar masana'anta a hanyar Abuja, ta fara fitar da motoci a 2022. Kamfanin motoci na Innoson na can Nnewi yana nasa. Ina yi musu fatan alheri. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara, ɗaura taya da tambari a jikin motar da aka zana don titin Faris ba zai haifar mana da magajiyar 504 ba. Abin da hanyarmu ke nema sananne ne: tsayi daga ƙasa, taya mai tsoka, matatar iska da za ta iya da hunturu, wayoyi da ƙwaƙwalwar inji a can sama inda ruwa ba ya kaiwa, fitila mai ƙwai, maɓallin da yatsa ke ganewa a cikin duhu, a haɗa da jakar iska da ƙaƙƙarfan ɗakin zama irin na zamani. Ba mafarki ba ne. Renault ta yi makamancin haka a Romaniya da Dacia Logan a 2004: mota mai sauƙin kuɗi da sauƙin gyara don ƙasashe masu munanan hanyoyi, sai ga mutanen yammacin Turai su ma suna rububinta.

Hukuma na da nata. Ta hau abin da ake harhaɗawa a gida, kamar yadda ta yi a zamanin Fijo. Ta sa ido a tashar ruwa da kan iyaka, kada mu zama juji. Ta tsare ingancin man da ke shiga tanki. Ta kuma gindaya wa duk mai son sayar da mota a ƙasar nan sharaɗin buɗe littafin gyara da na'urar bincike ga makanikai masu zaman kansu, kamar yadda dokar Turai ta tanada, kamar yadda jihar Masacusets ta Amurka ta yi tun 2012. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna katanga ce kusan ta raba ta da tsohuwar Panteka. Can ga ilimin allo, nan ga ilimin hannu. Duk rumfar makanike da ke tsakanin Kawo da Jaji na buƙatar biyun. Mu masu hawa kuma, kafin mu tambayi kyan fuska, mu tambayi wa zai gyara, kuma a ina ake samun kayanta. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da ake sauke shi.

Ranar da na je ɗaukar motata, yaron ya ɗaura sabuwar sensa, ya share fitilar gargaɗi, ya juyo mini da allon yana fara'a. "Oga, duba da kanka. Babu sauran matsala."

Baba na zaune a kan tsohuwar taya yana cin goro, bai ko kalli allon ba. Ya karkata kai ya saurari injin na ɗan lokaci.

"Kashe ta, ɗan nan. Akwai boris ɗin da ke kuka a wajen bel. Ba zai kai ku Zariya ba."

Yaron ya sake duba na'urarsa, ba ta nuna komai ba. Ya cire murfin robar nan, ya sassauta bel, ya juya ƙaramin wilin da hannu. Sai ga shi yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya ɗago ya dubi dattijon, ya sosa ƙeya.

Baba ya tofar da tukar goro. "Gobe in ka zo, ka nuna mini ramin nan da kake soka wayarka."

"To, Baba. Ni kuma a ara mini kunne."